Talabijin mai dogon allo: ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu a gidajenmu?

Duk wanda ke sayar da talabijin a Babbar Kasuwar Yamai ya san wannan ƙorafi. Magidanci ya tara kuɗinsa ya sayi shafaffe irin na liƙawa a bango mai inci 55, ya kai gida, bayan isha'i aka sa fim ɗin Indiya, sai ga baƙin layi shimfiɗe a sama, ga wani a ƙasa, hoton ya tsaya a tsakiya. Washegari ya komo shago yana cewa, "Alhaji, abin nan da ka ba ni ba ya cika hoto." Alhaji ba ya jayayya da mai ciniki. Sai ya nuna masa maɓallin da zai danna a telekomand, hoto ya cika allo taf, fuskar jarumar fim ta yi tsawo, tayar mota ta koma siffar ƙwai, kowa ya gamsu.

Ƙin baƙin layin nan ba halinmu ba ne mu kaɗai. Masu kallo a Turai da Amurka ma sun daɗe suna jin kamar an ci musu kuɗi, sun biya allo guda an ba su kashi uku cikin huɗu. Daga nan ne aka ƙirƙiro talabijin mai dogon allo, wanda kamfanoni suka laƙaba wa suna 21:9, siriri daga sama zuwa ƙasa, dogo daga hagu zuwa dama, daidai siffar majigin silima. Hotonsa na burgewa, kuma akan samu mai tambayar ƴan kasuwa masu zuwa Dubai ko Sin ko za su taho masa da shi. Amsata ita ce, a galibin gidajen Yamai da Tawa wannan asarar kuɗi ce, domin dogon allo ba ya kawar da baƙin layi. Yana ɗauke shi ne daga sama da ƙasa ya mayar da shi hagu da dama, kuma a can ya fi cutar da abin da muka fi kallo.

Kafin a yarda da ni, ya kamata a san inda layin ya samo asali, don ba lalacewar na'ura ba ce. Tun farkon silima hoto na da siffar 4:3, wato in faɗinsa taku huɗu ne tsayinsa uku. Da talabijin ya zo sai ya ari wannan siffa, shi ya sa tsofaffin akwatunan nan masu ƙoton baya suke kusan murabba'i. A farkon shekarun 1950 jama'ar Amurka suka fara zama a gida suna kallon talabijin, gidajen silima suka ga ciniki na gudu. Dabarar da suka yi ita ce su ba mutane abin da akwatin gida ba zai iya ba. A 1953 kamfanin 20th Century Fox ya fito da CinemaScope, inda wani gilashi na musamman ke matse hoto mai faɗi a kan fim, wani kuma ya ware shi a jikin majigi. Faɗin ya fara da ninki 2.55 na tsayi, ya sauko 2.35, daga 1970 ya tsaya a 2.39. Da gangan aka yi siffar nan don kada ta shiga talabijin. Masu shirya fim a Indiya su ma suka rungume ta, har ta zama galibin manyan finafinansu da ita ake ɗauka, dalilin da ya sa fim ɗin Indiya ya fi kowane jawo ƙorafi a shagon Alhaji.

Siffar 16:9 da ke bangon kowa yau sulhu ce aka yi. A 1984 wani injiniya Ba'amurke mai suna Kerns Powers, na ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta SMPTE, ya zana dukkan siffofin da ake aiki da su a kan girma ɗaya, ya ɗora wannan kan wancan, ya nemi siffar da za ta ɗauke su duka ba tare da ɗaya ta yi mummunar asara ba. Abin da ya samu shi ne 1.78, wato 16:9, tsaka-tsaki tsakanin tsohon talabijin da silima. Kowa ya rage wani abu. Tsohon shiri yana samun layi a gefe, fim ɗin silima yana samun layi sama da ƙasa, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na allon. Amma da yake duniya ta amince da sulhun, galibin sababbin shirye-shiryen talabijin a kansa ake ɗaukarsu, kuma wannan shi ne abin da masu dogon allo suka raina.

Philips ne ya fara gwadawa a 2009, da wani mai inci 56 da ya kira Cinema 21:9, mai ɗigon hoto 2560 a kwance da 1080 a tsaye. Masu sharhi sun yaba kyansa, masu saye ba su zo ba, a 2012 kamfanin ya daina yin sa. A wannan shekarar Vizio na Amurka ya fitar da nasa mai inci 58, shi ma bai yi nisan kwana ba. A 2014 Samsung da LG suka nuna wasu ƙatti masu inci 105, lanƙwasassu, na Samsung an sa masa dalar Amurka dubu 120, wajen miliyan 60 na sefa a canjin lokacin, kuɗin gida sukutum. Wannan nuna bajinta ce, ba kayan kasuwa ba. Yau manyan kamfanonin ba sa jera 21:9 cikin talabijin ɗin gida da suke fitarwa kowace shekara. Mutanen da suka fi mu kallon fim ɗin silima a gida, masu faifan Blu-ray da intanet mai gudu, sun gani sun ce a kai kasuwa.

Lissafin ne ya kashe shi, kuma lissafi ne da kowa zai iya yi da awon tela. Incin da ake faɗa, ko pus kamar yadda masu shago ke cewa, awo ne daga kusurwa zuwa kusurwa, ba faɗi ba ne ba tsayi ba. Saboda haka allo biyu na iya zama da inci kusan ɗaya amma girmansu ya bambanta ƙwarai. Talabijin na yau da kullum mai inci 55 faɗinsa santimita 122 ne, tsayinsa 68. Dogon nan na Philips mai inci 56 faɗinsa santimita 131, tsayinsa 55 kacal. In aka sa fim ɗin silima, dogon ya ci riba, amma ribar santimita 9 ce a faɗi. In aka sa ƙwallo, hoton dole ya bi tsayin allon, sai ya tsaya a faɗin santimita 98, da baƙin fili na wajen santimita 16 a kowane gefe. Wato ka biya kuɗin 56, kana kallon wasa a kan 44. Kuma talabijin na yau da kullum mai inci 60 yana nuna fim ɗin silima da girman da dogon ke nunawa, da baƙin layinsa da komai. Mai inci 65 kuwa faɗinsa santimita 144, ya shanye shi a fim, ya shanye shi a ƙwallo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Yanzu a duba abin da ke kan allonmu daga safe zuwa dare. Labaran Télé Sahel da na tashoshi masu zaman kansu irin su Ténéré, Dounia da Bonferey. Wasannin Ingila da Sifen da gasar zakarun Turai a Canal+, da kofin Afirka, da ranar da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasa, ke wasa. Kokowar takobi, wadda in an fara ta ba a sauya tasha a gidaje da yawa sai an naɗa sarki. Tafsiri da azumi. Finafinai masu dogon zango na Kano a Arewa24 da YouTube, da na Turkiyya da na Indiya da mata ke bi kullum, da katun na yara. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ake watsawa a 21:9. Galibinsu 16:9 ne, saura kuma tsohuwar siffar 4:3, irin tsofaffin finafinan Hausa na zamanin kaset da faifan VCD, da bidiyon bikin da aka ɗauka shekaru ashirin baya. Waɗannan a kan dogon allo kashi 56 cikin ɗari kawai suke cikawa, kusan rabin abin da ka saya na zaune baƙi ƙirin. Bidiyon waya da aka ɗauka a tsaye, wanda shi ne yanzu ke zuwa daga suna da ɗaurin aure, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ko sababbin shirye-shiryen Netflix da yawansu 2:1 ne, su ma sai sun bar ɗan fili a gefe. Fim ɗin silima na gaske, shi kaɗai da aka ƙera na'urar dominsa, a mako sau nawa ake sa shi?

Wani zai ce ai akwai maɓallin cika allo. Akwai, amma hanya uku ce kawai, kuma kowace da hasararta. Ko a ja hoton gefe da gefe, ƴan wasa su koma gajeru masu ƙiba. Ko a bar tsakiya yadda take a ja gefuna kawai, sai ƙwallo ta riƙa kumbura tana ƙara gudu duk lokacin da ta nufi kusurwar fili. Ko a zuƙo hoton a yanke sama da ƙasa, kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa ya tafi. A can sama kuwa ake rubuta ci nawa da minti nawa, a ƙasa ake rubuta sunan mai magana da sanarwar da ke gudu lokacin labarai. Duk wanda ya taɓa zama a fada ana kallon wasa ya san tambayar farko ta mai shigowa, kafin ma ya gama sallama, ita ce nawa da nawa.

Yadda muke zaman kallo ma ya saɓa wa abin da masu ƙirar suka ɗauka. Su a ransu mutum ɗaya ne ko biyu, a kujera daidai tsakiyar allo, cikin ɗaki mai duhu, kusa sosai har hoton ya cika musu gefen ido. Wannan ne daɗin hoto mai faɗi, kuma ba ƙarya ba ne, akwai shi. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce mai kallon hoton HD ya zauna nisan ninki uku na tsayin hoton, wato ga allon santimita 55 ƙasa da mita biyu. A je wata fada a Bukoki ko Yantala daren wasan ƙarshe. An fito da talabijin ƙofar gida an ɗora kan tebur, an ja waya daga zaure, yara sun cika tabarma a gaba, samari a benci, mai dafa shayi a can gefe yana fifita gawayi yana leƙe, wasu na tsaye a baya, wani ma bai sauka daga babur ba. Na baya yana mita biyar ko shida. Abin da yake buƙata shi ne ɗan wasa ya fito da girma, ya gane lambar riga, ya ga ko ƙwallo ta haye layi, kuma girman mutum a hoto tsayin allo ne ke ba da shi. Faɗi bai ƙara masa komai. A cikin gida ma haka ne, maigida a kujera, uwargida tana shiga tana fita, yara a ƙasa, baƙo a inda ya samu wuri. Na gefe kuwa, a kan allon LCD mai araha, launi yakan kwaɗe masa, kuma allon da ya fi faɗi ya fi nisanta masa ɗaya ƙarshen.

Ko ga mai son fim tsantsa akwai wani abin da mai talla ba zai faɗa ba. Faifan Blu-ray da tashoshin dikoda ba sa aiko hoto a siffar 21:9. Suna aiko shi a 16:9 ne, baƙin layin yana cikin hoton, an riga an ɗinke shi a ciki. Daga layuka 1080, kimanin 800 ne ke ɗauke da fim. Abin da dogon allo ke yi shi ne ya yanke baƙin ya buɗa sauran, ya ƙirƙiri ɗigon da babu shi. Ba ka samu ƙarin kyau ba, girma kawai ka samu. Fassarar Faransanci da ake rubutawa a ƙasa kuma sau da yawa cikin baƙin layin take, in an yanke shi ta tafi, har sai da Philips ya ƙara wata dabara ta ɗago hoto don a ceto rubutun. Wannan fa ga mai faifai na asali ke nan. Mu kuwa fim yana iso mu ne a kile ko katin waya daga wurin masu turawa, an matse shi ya yi ƙanƙanta don ya shiga, an fassara shi da Hausa, an manna tambari da lambar waya a kusurwa, wani lokaci an riga an ja shi ko an yanke shi tun can. Irin wannan in ka buɗa shi sai dai ka ƙara ganin aibinsa.

Sai batun da a ganina ya fi kowane nauyi ga mai zama a Nijar, wato ranar da abin zai lalace. Ana yanko allon talabijin ne daga wani ƙaton faifan gilashi a masana'anta. Mai santimita 220 da 250 yana ba da allo shida masu inci 55. Mai 294 da 337, irin wanda kamfanonin BOE da TCL ke aiki da shi a Sin, yana ba da takwas masu inci 65. An gina masana'antun a kan waɗannan awo, shi ya sa 32 da 43 da 55 da 65 ke ta araha shekara bayan shekara, baƙuwar siffa kuwa kullum da tsada. Wannan bai tsaya a farashin saye ba. A leƙa rumfar mai gyara a kasuwar Katako: gawarwakin talabijin jingine a bango, kwali cike da katin wuta da sandunan fitilun baya da ya ciro daga waɗanda allonsu ya fashe. Da su yake raya na mutane. In ka kawo mai inci 43 da fitilunsa suka ƙone, kafin la'asar ya samo ɗan'uwansa. In ka kawo dogon da shi kaɗai ne irinsa a garin, wanda kamfaninsa ya daina yi sama da shekaru goma, zai duba ya ce, "Maigida, sai dai a yi oda." Oda daga ina? Tun bayan da aka rufe gadar Gaya da Malanbil da ke kan iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina, ga tsawon hanya ga ƙarin kuɗi.

Kuma lalacewa a nan ba abin mamaki ba ce. Zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuran yana tafiya yana dawowa da ƙarfi. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023 da Najeriya ta katse layin da ke kawo mana kaso mafi yawa na wuta, kamfanin wuta na NIGELEC ya koma rabawa unguwa-unguwa. Tashar wutar Goru Banda da filin hasken rana na megawat 30 da ke can sun rage zafi, amma ba wanda zai ce ya daina jin ƙarar janareta a Yamai. Wanda ke da rarar kuɗi, a ganina regilatar kirki da abin kare na'ura daga bugun wuta sun fi masa ƙarin santimita 9. Wannan gargaɗi ya shafi har shawarar sayen 65 da na nuna fifikonta a sama. Filinsa ya ninka na inci 32 sau huɗu, kuma kowane yanki sai an haska shi. Gidan da ke kan farantin hasken rana da batir ɗaya, kamar da yawa a karkarar Tawa, mai inci 32 da zai kai ƙarshen wasa ya fi ƙaton da zai mutu kafin a dawo daga hutun rabin lokaci.

Wanda baƙin layi ke damunsa da gaske, abin da ke damunsa yawanci ba baƙin ba ne, toka-tokar ce. Allon LCD yana da fitila a baya da ba ta mutuwa gaba ɗaya, sai layin ya riƙa haske kaɗan cikin duhu. Rage hasken baya a saiti da barin ƙaramar fitila a ɗakin suna rage wannan sosai. Allon OLED kuwa kowane ɗigo yana kashe kansa, layin ya ɓace cikin duhun ɗaki, sai dai tsadarsa, kuma ba ya son tambarin tasha ya wuni a wuri ɗaya kullum. Mai hali da ya keɓe ɗaki don fim kawai, majigi ya fi masa, don bango ba ruwansa da siffa.

Inda dogon allo ya samu gindin zama shi ne kan tebur. LG ya fitar da na kwamfuta mai inci 29 a 2012, daga baya aka yi masu 34 da ɗigo 3440 a kwance da 1440 a tsaye, har da masu 49 da suka ninka na yau da kullum biyu a faɗi. A nan sharuɗɗan sun cika, mutum ɗaya ne, a tsakiya yake, kusa yake, kuma kwamfuta na iya zana hoto a kowace siffa. Akanta mai jadawali mai ginshiƙai da yawa, mai haɗa bidiyon biki, mai zanen gini, duk za su ji daɗinsa. Mai PlayStation 5 ba zai ji ba, don na'urar 16:9 take fitarwa.

Saboda haka dogon allon da za a nuna maka sabo a kwali yau, kusan tabbas na kwamfuta ne. Galibinsu ba su da wurin sa eriya, ba su da telekomand, lasifikarsu ƙarama ce ko ma babu. In kuwa na hannu ne aka ce talabijin ne na gaske, to shekarunsa sun haura goma, kuma in daga Amurka ya fito an ƙera shi ne don wuta mai bolt 120 da tsarin tashoshin can, mu kuwa namu 220 ne. Kafin ka ƙirga ko jika ɗaya, ka sa a haɗa masa dikoda a gabanka, a buɗe tashar wasanni, ka ja da baya mita huɗu ka gani ko kana iya karanta ci nawa ne.